Me Ya Sa Tallanka na Facebook Ke Tara Laik Amma Ba Ya Kawo Ciniki?

Idan kana sana'a kuma kana da shafi a Facebook ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa ganin maɓallin nan na Boost ba, wanda ke maka tayin ka biya kuɗi kaɗan, dubban mutane su ga kayanka. Mutane da yawa sun danna shi. Bayan kwana uku sai a ga laik ɗari biyar, ga masu "Masha Allah", ga masu "Allah ya kawo kasuwa", ga kuma masu tambayar "nawa ne?" waɗanda ba sa sake leƙowa. Ƙarshen mako ya zo, a buɗe littafin ciniki, shiru kake ji. Daga nan wasu kan yanke hukunci cewa tallan intanet damfara ce, wasu kuma su ce ai mutanenmu ne ba sa saye.

Mai karatu, a mafi yawan lokuta na'urar da ke raba tallan ta yi aikinta daidai. An ce mata ta nemo masu danna laik, ta kuwa nemo su. Abin da ɗan kasuwa ke buƙata shi ne mai niyyar saye, wato mutumin da ya ga tallan, ya ɗauki wani mataki da ke nuna da gaske yake: ya turo saƙo, ko ya bar lambar wayarsa, ko ya cike fom don a tuntuɓe shi. A wannan rubutu za mu duba yadda tsarin tallan kamfanin Meta yake aiki, wato mai Facebook da Instagram da WhatsApp, da kuma abin da bincike ya nuna game da yadda ake samun irin waɗannan mutane ba tare da an ƙona jari ba. Maganar duka ta rataya a kan abu ɗaya: na'ura tana kawo maka abin da ka ce ta ƙirga, don haka dole ka san abin da ya cancanci ƙirgawa.

Gwanjon da ba ka gani

Duk lokacin da mutum ya buɗe Facebook yana jan allo da yatsa, akwai gurabe da aka ware wa talla a tsakanin hotunan 'yan uwa da labarai. Kowane gurbi sayar da shi ake yi ta hanyar gwanjo, kuma ana gama gwanjon cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kafin hoton ya bayyana a wayar. Wannan ita ce babbar sana'ar Meta. A shekarar 2023 kamfanin ya samu kuɗin shiga kusan dala biliyan 135, kuma fiye da kashi 97 cikin 100 daga talla suka fito.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna nazarin gwanjo. A 1961 William Vickrey na Jami'ar Columbia da ke Amurka ya yi bayanin wani irin gwanjo inda kowa ke rubuta tayinsa a asirce, wanda ya fi taya ya ɗauki kayan, amma kuɗin da zai biya shi ne tayin wanda ya zo na biyu. Ya nuna cewa a irin wannan tsari babu wata dabara da ta fi mutum ya faɗi ainihin darajar da kayan ke da ita a wurinsa. Wannan na cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 1996. Gwanjon tallan Facebook daga zuriyar wannan tunani ya fito.

Sai dai a nan mai yawan kuɗi ba lallai ne ya ci ba. Meta ta bayyana cewa abubuwa uku take haɗawa: tayin mai talla, da hasashen yiwuwar wannan mutumin da ke kallon allo zai yi abin da mai tallan ke so, da kuma ingancin tallan. Bari mu ɗauki misali na lissafi kawai. A ce mai talla na farko ya yarda ya biya naira 1,000 a kan kowane saƙo, amma na'ura ta yi hasashen cewa yiwuwar wannan mai kallon ya turo masa saƙo ɗaya ce cikin 100. Darajar nuna masa tallan ta zama naira 10. Na biyu ya taya naira 600 kacal, amma yiwuwarsa uku ce cikin 100, darajarsa ta zama naira 18. Na biyun ne zai ci gurbin duk da cewa tayinsa bai kai na farkon ba.

Ka ga ke nan tallan da ya dace da mai kallo yana samun rangwame, wanda bai dace ba kuwa yana biyan tara. Kuma duk wannan lissafi ya dogara ne da abin da ka gaya wa na'ura cewa shi kake so a yi.

Na'ura ba ta san zuciyarka ba

Lokacin da kake haɗa kamfen a Ads Manager, wato shafin da Meta ta tanadar wa masu talla, abu na farko da za a tambaye ka shi ne manufa. Kana son a san da kai ne kawai? Ko a ziyarci shafinka? Ko a yi mu'amala da abin da ka wallafa? Ko masu niyyar saye kake nema? Ko ciniki kai tsaye? Mutane kan wuce wannan tambaya da sauri, alhali ita ce mafi nauyi a cikin aikin gaba ɗaya.

Dalili shi ne tsarin yana koyo ne daga misalai. Zai fara nuna tallanka ga mutane iri-iri, ya lura da waɗanda suka yi abin da ka zaɓa, sannan ya nemo masu kama da su a ɗabi'a. To, akwai mutanen da danna laik ya zame musu jiki, komai suka gani sai sun danna. Idan mu'amala ka zaɓa, su ne mafi arha, kuma su za a tara maka. Akwai masu son danna kowace mahaɗa su leƙa su fita, idan ziyara ka zaɓa su ne rabonka. Masu saye kuwa wani rukuni ne daban, sun fi ƙaranci kuma sun fi tsada, domin sauran 'yan kasuwa ma su suke nema.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Charles Goodhart, ya yi wata lura a 1975 wadda daga baya aka sa mata sunansa. A taƙaice, duk ma'aunin da aka mayar da shi abin da ake kora, yakan daina nuna gaskiyar abin da aka ƙirƙire shi don aunawa. Laik alama ce ta sha'awa matuƙar mutane ne suka danna don ra'ayin kansu. Da zarar ka biya kuɗi a nemo maka laik, ya tashi daga alamar komai.

Akwai kuma batun yawan misalan da na'ura ke buƙata. Meta na kiran farkon kamfen lokacin koyo, kuma jagorarta ta daɗe tana cewa kowane rukunin talla yana buƙatar abin da aka zaɓa ya faru kamar sau 50 a cikin mako guda kafin rabon tallan ya daidaita. Yi lissafi da kanka. Idan kowane mai turo saƙo yana cin naira 1,200, mutum 50 na nufin naira 60,000 a mako. Idan ka raba wannan kuɗin gida biyar, kowane rukuni zai samu mutum 10, babu wanda zai gama koyo. Haka kuma idan kullum kana canza hoto, ko kana sauya waɗanda ake nuna wa, ko kana ɗaga kuɗin da yawa lokaci ɗaya, koyon yakan koma farko. Mai ƙaramin jari ya fi cin riba idan ya tattara kuɗinsa wuri ɗaya, ya kuma yi haƙuri na 'yan kwanaki kafin ya taɓa komai.

Hoton da ka saka shi ma yana zaɓen mutane

Yawancin masu talla sun ɗauka cewa zaɓen waɗanda za su gani yana ƙarewa ne a akwatunan shekaru da gari da jinsi. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya nuna cewa abin ya wuce nan. Masu bincike daga Jami'ar Northeastern da Jami'ar Kudancin Kaliforniya tare da wata ƙungiya mai suna Upturn sun sayi tallace-tallace a Facebook, suka ba su mutanen da za a nuna wa iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, abin da suka bambanta kawai shi ne abin da ke cikin tallan. Sai ga tallan aikin katako ya tafi ga maza da kusan kashi 90 cikin 100, na aikin karɓar kuɗi a babban kanti kuma ya tafi ga mata da kusan kashi 85. Babu wanda ya ce wa na'ura ta yi haka. Ita ta duba tallan, ta yi hasashen wa zai fi kula shi.

Manufar masu binciken ita ce nuna haɗarin wariya a tallan aiki da na gidaje, kuma wannan damuwa ce ta gaske. Amma akwai darasi ga ɗan kasuwa: hotonka da kalmominka su ma rariya ne. Idan ka sa hoto mai ban dariya wanda ba shi da alaƙa da kayanka, masu son dariya za a kai wa. Idan ka rubuta "kyauta" da manyan baƙaƙe, masu neman kyauta za su cika maka waya.

Saboda haka talla mai kyau yana jawo wasu, yana kuma sallamar wasu da gangan. A ce kana haɗa wa gidaje sola. Tallan da ya ce "muna da sola mai inganci, a tuntuɓe mu" kowa zai iya amsa shi, har da yaron da ke son sanin farashi don nishaɗi. Tallan da ya faɗi abin da na'urar ke ɗauka, misali fanka biyu da fitilu da talabijin, ya faɗi daga nawa farashi ya fara, ya kuma faɗi garuruwan da kuke zuwa, zai kawo saƙonni kaɗan. Amma wanda ya turo ya riga ya ga kuɗin bai gudu ba. 'Yan kasuwarmu da yawa na ɓoye farashi suna cewa "a zo inbox", da tunanin hakan zai ƙara masu magana. Yana ƙara su kam, sai dai kowane ɗayansu kuɗi ka biya a kansa, kuma lokacinka zai ci.

Wace ƙofa za su shigo ta ciki?

Bayan mutum ya danna, ina za shi? Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko fom ne da ke buɗewa a cikin Facebook ko Instagram ɗin kansa, wanda kamfanin ya fito da shi a 2015. Sunan mutum da lambarsa sukan fito a cike tun daga bayanan da ya ba Facebook, dannawa biyu ya gama. Ta biyu maɓalli ne da ke kai mutum kai tsaye cikin hira da kai a WhatsApp ko Messenger. Ta uku ita ce a tura shi shafinka na intanet, inda ake dasa wata 'yar manhaja mai suna Meta Pixel da ke sanar da tsarin abin da baƙon ya yi.

Kowace da ribarta da hasararta, kuma ƙa'idar ɗaya ce: iya sauƙin ƙofa, iya yawan masu shigowa, iya kuma yawan waɗanda suka shigo bisa kuskure. Fom mai cike kansa yakan kawo lambobi masu arha, amma a ciki za ka tarar da tsofaffin layukan da aka daina amfani da su, da mutanen da idan ka kira za su ce ba su tuna sun cike komai ba. Maganinsa shi ne ka ɗan ƙara wahala da gangan. Saka tambaya ɗaya ko biyu da sai mutum ya amsa da kansa, kamar "a wane gari kake?" ko "yaushe kake son a haɗa maka?". Meta ma tana da nau'in fom da ke sa mutum ya sake duba bayanansa kafin ya tura.

Hanyar shafin intanet ta samu tangarɗa a Afrilun 2021, lokacin da Apple ya fito da iOS 14.5, wanda ya wajabta wa manhajoji neman izinin mai iPhone kafin su bi sawunsa zuwa wasu manhajoji da shafuka. Mutane da yawa sun ƙi bayarwa. A farkon 2022 Meta ta shaida wa masu hannun jarinta cewa wannan sauyi zai rage mata kusan dala biliyan 10 a shekarar. Abin da wannan adadi ke nuna maka shi ne darajar bayanin abin da ya faru bayan dannawa. Idan na'ura ba ta ga sakamako ba, ba ta da abin koyo. A wajenmu, inda galibin wayoyi Android ne kuma ciniki ya saba ƙarewa da hira, hanyar WhatsApp takan fi dacewa da ƙananan sana'o'i. Amma fa ka tuna, abin da na'ura ta fi gani a nan shi ne an fara hira. Ko an saya ko ba a saya ba, kai ne ka sani, kuma kai ne za ka rubuta.

Lissafin da ya fi muhimmanci

Ads Manager zai nuna maka lambobi da yawa, kuma wadda ta fi jan ido ita ce kuɗin kowane sakamako. Bari mu koma ga mai sola, da lambobin da muka ƙaddara don misali. A ce ribarsa a kan kowane aiki naira 40,000 ce, kuma ya kashe naira 60,000 a kan kowane ɗaya daga cikin talla biyu.

Talla na farko, wanda babu farashi a cikinsa, ya kawo saƙo 200. Kowane saƙo ya tashi a naira 300. Mutum 2 suka saya. Talla na biyu, mai farashi da sunayen garuruwa, ya kawo saƙo 50, kowane a naira 1,200. Mutum 6 suka saya.

Wanda ke kallon allon Meta kawai zai kashe talla na biyu, domin saƙonsa ya ninka na farko tsada sau huɗu. Wanda ke kallon littafin ciniki zai ga cewa a talla na farko kowane kwastoma ya ci naira 30,000, an samu ribar 80,000, a cire 60,000, saura 20,000. A na biyu kowane kwastoma ya ci naira 10,000, riba 240,000, a cire kuɗin talla, saura 180,000. Ba a ma sa lokacin da aka ɓata wajen amsa saƙo 198 da ba su haifar da komai ba.

Daga nan za ka iya fitar da iyakar abin da ya kamata ka biya. Idan cikin kowane mutum 10 da suka turo saƙo ɗaya ke saye, kuma ribarka 40,000 ce, to darajar kowane saƙo naira 4,000 ce. Duk abin da ya haura haka hasara ce. Wannan lissafi ba ya buƙatar wata manhaja. Littafi ya isa, ko ɗan jadawali a waya: ranar da mutum ya yi magana, daga wane talla ya zo, ya saya ko bai saya ba, nawa. Idan kana Najeriya, ka sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a lissafinka, domin tun farkon 2022 ake ɗora shi a kan kuɗin tallan Facebook.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

To yaya za ka san wane talla ya fi? Amsar ta fito ne daga gona. A shekarun 1920 Ronald Fisher yana aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ake son sanin wane taki ya fi amfani. Matsalar ita ce idan ka zuba taki a wannan gefen gona ka bar wancan, ba za ka san ko takin ne ya kawo bambanci ba, ko kuwa dama wannan gefen ya fi danshi. Fisher ya ce a yanka gonar ƙanana-ƙanana, a bar ƙuri'a ta zaɓi inda za a zuba kowane taki. Da haka duk wasu bambance-bambancen ƙasa za su rabu daidai tsakanin ɓangarorin, abin da ya saura na takin ne.

Wannan ita ce hanyar da ake gwada magunguna a yau, kuma ita ce a bayan abin da masu talla ke kira gwajin A da B. Ads Manager yana da shi: yana raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, kowane gida ya ga talla ɗaya. Wannan ya fi ka sa talla biyu a rukuni ɗaya ka zuba ido, domin a nan na'ura kan yi saurin fifita ɗaya ta ba shi yawancin kuɗin, kuma mutanen da ta nuna wa kowanne ba iri ɗaya ba ne. Sharaɗi na farko shi ne ka canza abu ɗaya tak. Idan ka canza hoto da rubutu da gari lokaci guda, ko ka ga bambanci ba za ka san mai shi ba.

Sharaɗi na biyu shi ne ka yi hattara da ƙananan lambobi. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi a ilimin ƙididdiga: idan kana ƙirga abubuwan da ke faruwa jefi-jefi, hawa da saukar da sa'a kaɗai ke kawowa ya kai kimanin lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka adadin da ka ƙirga. Idan ka samu saƙo 9, wani makon kana iya samun 6 ko 12 ba tare da komai ya canza ba, domin 3 sau 3 shi ne 9. Idan 100 ka samu, motsin kamar 10 ne, wato kashi 10 cikin 100 kawai. Don haka idan talla ɗaya ya kawo 9, ɗayan ya kawo 12, ba ka gano komai ba tukuna. Ko misalinmu na mai sola, 2 da 6 alama ce mai kyau, amma mai hankali zai bar gwajin ya ƙara makonni kafin ya zuba duk jarinsa a gefe ɗaya.

Tallan ne ya kawo su, ko dama suna tafe?

Akwai wata tambaya da ta fi waccan zurfi. A ce mutum ya ga tallanka ya saya. Da bai gani ba, da ba zai saya ba?

Kamfanin eBay, babbar kasuwar intanet ta Amurka, ya gwada wannan a 2012. Masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, sun wallafa sakamakon a mujallar Econometrica a 2015. Tallan injin bincike suka gwada, amma darasin ya shafi kowane irin talla. Da farko an dakatar da tallan da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan eBay a Yahoo da MSN. Kusan dukkan masu zuwa suka ci gaba da zuwa ta mahaɗar kyauta da ke ƙasan tallan. Wato kamfanin yana biyan kuɗi ne a kan mutanen da suka riga suka iso bakin ƙofa. Sannan aka kashe sauran tallace-tallacen Google a wasu yankunan Amurka na kwana 60, aka bar su a wasu. Aka gano cewa tallan na tasiri a kan sababbin mutane da masu saye jefi-jefi, amma yawancin kuɗin yana tafiya ne ga tsofaffin kwastomomi da za su saya ko babu talla. A jimlace, hasara ake yi.

A 2019 Brett Gordon da Florian Zettelmeyer na Jami'ar Northwestern, tare da ma'aikatan Facebook biyu, sun duba manyan gwaje-gwaje 15 da aka yi a Facebook ɗin kansa. Sun kwatanta sakamakon gwajin ƙuri'a da abin da za a samu idan kawai aka gwama waɗanda suka ga talla da waɗanda ba su gani ba. Hanya ta biyun sau da yawa takan kumbura tasirin tallan. Dalilin ka riga ka san shi: na'ura tana nuna talla ne ga waɗanda dama ta ga alamar za su saya.

Kai da ba ka da kuɗin eBay, me za ka yi? Abu na farko, idan sababbin kwastomomi kake nema, ka cire tsofaffin daga cikin waɗanda ake nuna wa, tsarin yana ba da damar haka. Tsofaffin kana da lambarsu, status ɗinka na WhatsApp ya ishe su kyauta. Abu na biyu, ka yi ƙaramin gwaji irin na eBay. Idan kana kai kaya garuruwa biyu masu kama da juna a ciniki, kunna talla a ɗaya na wata guda ka bar ɗayan, daga baya ka juya. Bai kai gwajin ƙuri'a tsafta ba, amma ya fi zato nesa ba kusa ba.

A bugi ƙarfe da zafinsa

Duk wannan wahala tana iya tashi a banza a mataki na ƙarshe. A 2011 mujallar Harvard Business Review ta wallafa binciken James Oldroyd da abokan aikinsa biyu, inda suka aika wa kamfanonin Amurka 2,241 saƙon neman bayani ta intanet don su ga yaushe za a amsa. Kashi 37 cikin 100 ne suka amsa cikin awa ɗaya, kashi 23 kuwa ba su amsa ba sam. A wani nazarin da suka yi kan masu neman bayani sama da miliyan ɗaya, kamfanonin da suka tuntuɓi mutum cikin awar farko sun ninka waɗanda suka ƙara ko da awa ɗaya kusan sau bakwai wajen samun tattaunawa mai ma'ana da shi.

Ya kamata ka san cewa wannan nazari na lura ne, ba gwajin ƙuri'a aka yi ba, kuma ɗaya daga cikin marubutan shugaban kamfani ne mai sayar da manhajar saurin amsa. Don haka kada ka riƙe "sau bakwai" kamar doka. Amma alƙiblar ta yi daidai da hankali. Wanda ya turo maka saƙo yana tsakiyar jan allo ne, kuma na'urar da ta gane yana sha'awar sola za ta nuna masa tallan abokin hamayyarka nan da 'yan mintuna. Idan ka san ba ka amsa saƙo da tsakar dare, ka sa saƙon tarba na WhatsApp Business da ke faɗin farashi da lokacin da za ka dawo. Idan kana da yaron shago da ke riƙe wayar, ka tabbata ya san amsar tambayoyi biyar da aka fi yi.

Lambar waya amana ce

Wanda ya ba ka lambarsa ya ba ka ne don abu ɗaya. Jefa shi cikin guruf ba da izininsa ba, ko sayar da lambar ga wani, ko damun sa da saƙo kullum, cin amana ne, kuma yanzu doka ta shigo ciki. A Yunin 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba mutum 'yancin ya ce a daina amfani da bayanansa wajen aiko masa talla. Ko a ma'aunin kasuwa ma hasara ce. Idan mutane na ɓoye tallanka ko suna kai ƙararsa, ingancinsa na faɗuwa a gwanjo, kuɗinka na ƙaruwa. Idan suna toshe lambarka a WhatsApp, kana iya rasa layin gaba ɗaya.

Kafin ka sake biyan ko sisi, zauna da biro ka amsa tambayoyi uku. Nawa ce ribata a kan kwastoma ɗaya? Cikin masu turo saƙo goma, nawa ke saye? Wa zai amsa su, kuma cikin minti nawa? Idan ba ka da amsar ta biyu, fara rubutawa daga yau, ko da daga masu zuwa ne ba ta talla ba. Bayan wata guda za ka san iyakar abin da za ka iya taya a gwanjon, kuma za ka san abin da za ka ce wa na'ura ta nemo.